Gazanfar da Kalmar Sirrin Gidan Mangwaro

Duk wanda ya taɓa zama a shagon shayin da ke bakin tashar Shujabad ya san Gazanfar, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Shi ne mai baƙin tabarau da waya biyu, ɗaya a hannu ɗaya a aljihun gaba, wanda ba a taɓa kawo zancen wata na'ura ba ya ce bai san cikinta ba. Wata huɗu ya yi a Lahor a shagon wani mai gyaran waya yana manna gilashi a fuskar wayoyin mutane. Da ya dawo sai ya buga kati mai ruwan zinariya, aka rubuta masa: Injiniya Gazanfar, Ƙwararre a Dukkan Na'urori. Tun daga ranar ba wanda ya ba shi aiki. Shi kuma ya ce laifin garin ne, ƙarami ne, bai kai ya ɗauki irinsa ba.

Mijin yayarsa, Caudri Riyasat, shi ne manajan gidan tattara mangwaro na ƙungiyar manoma. Manoma su kawo, mata su tantance, a tsoma a ruwan ɗumi, a jera a kwali, a kai ɗakin sanyi. Kowane kwali sai an manna masa takarda mai lamba, wadda ke nuna gonar da ya fito da ranar da aka tsinke shi. In babu wannan takarda, jirgin ruwa ba ya ɗauka. Takardun kuwa daga babbar kwamfutar gidan suke fitowa, wadda ake kira saba, kuma mutum ɗaya ce ke kula da ita, wata matashiya mai suna Shagufta.

To, Shagufta ta ɗauki hutun kwana uku ta tafi Bahawalpur bikin yayanta. Kafin ta tafi ta rubuta kalmar sirrin mai kula da sabar a takarda, ta sa a ambulan, ta ba Caudri hannu da hannu. Caudri ya sa a aljihun riga. Matarsa ta wanke rigar.

Ranar Laraba da safe sabar ta sabunta kanta, ta sake tashi, ta tsaya tana neman kalmar sirri. Kwali dubu da ɗari takwas na jiran takarda, babbar mota mai sanyi na tsaye a tsakar gida, kuma dole ta kama hanyar Karaci, inda tashar jirgin ruwa take, kafin la'asar. Caudri ya kira Shagufta sau goma sha ɗaya, ba a ɗauka. Yana tsaye da ɗan curin takarda a tafin hannu kamar tauna ta akuya, sai ga Gazanfar ya shigo neman shayin kyauta.

"Yaya, lafiya na ga fuskarka kamar wanda ya haɗiyi ƙwallon mangwaro?"

Caudri ya nuna masa curin, ya yi masa bayani.

Gazanfar ya cire tabarau a hankali, ya yi dariya. "Wannan ne kawai? Yaya, ka ci mutuncina. Kana da injiniya a gida kana kiran yarinya a wajen biki? A Lahor irin wannan kafin shayina ya huce nake buɗe uku."

"Ka tabbata? Shagufta ta ce kada kowa ya taɓa."

"Ai dole ta ce haka. In kowa ya gane aikin minti biyar ne, wa zai ci gaba da ajiye ta a ɗaki mai sanyi?"

Ofishin nan na Shagufta mai na'urar sanyi ne dama ya daɗe yana tsone wa Gazanfar ido. Yana shiga ya zauna a kujerar Shagufta mai juyawa, ya juya sau biyu, ya ji a ransa cewa wannan kujera don shi aka ƙera ta. Ya riga ya hango sunansa a jikin ƙofa. A kan teburin akwai allon kwamfuta da madannai, a gefe kuma wani baƙin akwati mai ƙananan fitilu yana ƙyafta ido. Ya shafa akwatin kamar mai lallashin doki, ya ɗora kofin shayinsa a kan wani dogon kabad na ƙarfe da ke bayansa, ya naɗe hannun riga.

Labari ya zaga gidan. Mata masu tantancewa suka bar aiki suka cika bakin ƙofa, a gabansu Inna Bashiran, tsohuwar da ta fi shekara talatin tana shinshina mangwaro ta faɗi ranar nunarsa. Direban babbar motar, Gul Zaman, wani ƙaton mutum mai jan gemu, ya leƙo ta taga.

Gazanfar ya ware curin takardar da tsinken ashana, ya ɗaga shi ga hasken rana. "Ga harafi nan. Wannan C ne. Wannan kuma ko bakwai ne ko ƙafar sauro. Shi ke nan, na gano. Caunsa. Wane mangwaro ya fi Caunsa?"

Ya buga. Allon ya girgiza kai, wato ya ce ba daidai ba.

"Caunsa da bakwai." Ba daidai ba.

"Caudri." Ba daidai ba.

"Ni za ta sa?" in ji Caudri.

"Don ta faranta maka, Yaya. Haka ma'aikata suke yi." Ya juya ga matan. "Ku faɗa mini, me yarinyar nan ta fi so a duniya?"

"Mutum ya yi shiru in bai san abu ba," in ji Inna Bashiran.

Mata suka kwashe da dariya. Gazanfar ya yi kamar bai ji ba. Ya tambayi sunan mahaifiyarta, aka faɗa, ya buga. Ya tambayi ko tana da kyanwa, aka ce tana da aku. Ya buga sunan akun. Nan take allon ya canza launi, ya rubuto cewa an yi kuskure da yawa, an kulle, sai bayan minti talatin.

"Me ta ce?" in ji Caudri, wanda tabaransa na karatu ma a gida ya bar shi.

"Ta tsorata, Yaya. Ta ce a ba ta rabin sa'a ta yi shawara."

"Na'ura ce ke shawara?"

"Na zamani ne. Kai mangwaro ka sani."

Gul Zaman ya buga tagar da yatsa. "Injiniya, ni dai hanyar Karaci ba ta shawara. Awa goma sha huɗu ce, ko ka so ko ka ƙi."

"Malam direba, je ka duba tayoyinka. Kafin ka gama na gama."

Gazanfar bai jira rabin sa'ar ba. Ya ce mai ƙarfi ba ya jiran izinin na'ura. A shagon Lahor, duk wayar da ta yi taurin kai kashe ta ake yi a kunna, sai ta dawo hayyacinta. Ya bi igiyar baƙin akwatin, ya fizge ta daga soket. Ƙananan fitilun suka mutu. Ya juyo yana murmushi.

Allon yana nan a kunne, yana ƙirga mintinansa.

"Injiniya, ba ta mutu ba," in ji wata daga cikin matan.

Gazanfar ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dubi allon. Ya ajiye igiyar. "Ragowar wuta ce. Ba ku ga kaza in an yanka tana ci gaba da tsalle ba? Haka take."

Suka jira kazar ta gama tsalle. Minti goma, ba ta gama ba.

"To tunda haka ta zaɓa," in ji shi, "a kawo mini sukudireba."

Caudri ya riƙe masa hannu. "Gazanfar, don Allah. Wannan kayan ƙungiya ne."

"Yaya, likita yana tsoron jini? A cikin kowace na'ura akwai ɗan batiri kamar maɓallin riga. Duk sirrinta a nan yake. In ka cire shi, ta manta har sunan ubanta."

Ya kwance murfin. Noti takwas ya fitar, biyu suka gangara ƙarƙashin kabad. Ya zaro wani abu mai nauyi kamar sabulu, ya ajiye. Ya zaro fanka, ya hura ta, ƙura ta shiga hancin Caudri. Ya zaro wani koren faranti mai ƙananan gidaje, ya nuna wa matan. "Kun ga wannan? Wannan ita ce ƙwaƙwalwa. Mutum uku ne kacal a duk lardin nan suka san sunanta."

"Mene ne sunanta?" in ji Inna Bashiran.

"Inna, ko na faɗa ba za ki iya maimaitawa ba."

"Gwada ni, ɗan nan."

"Ba lokaci."

Can ya samo ɗan batirin, ya ɓamɓaro shi da farce, ya ɗaga sama kamar wanda ya tsinci lu'ulu'u. "Ga kalmar sirrinku nan a hannuna! Ku dubi allo!"

Kowa ya dubi allo. Rabin sa'a ta cika a daidai lokacin, allon ya koma yadda yake da safe, cikin ladabi ya sake neman kalmar sirri. Akwatin kuwa yana kan teburi a wargaje, hanji waje.

Wata mata ta ja da baya tana a'uziyya. Wata ta ce dama ita tun bara take jin gurnani a ɗakin nan ko ba kowa ciki.

Zufa ta karyo wa Gazanfar duk da sanyin ɗakin. Ya ɗauki shayinsa daga kan kabad, ya kurɓa, ya ji har yanzu da ɗuminsa, ya yi mamaki, amma ba shi da lokacin tunanin shayi. Idanu ashirin na kansa. Ya gyara murya.

"Na gane matsalar. Ƙwaƙwalwar ta yi zafi, shi ya sa ta riƙe abin ta ƙi saki. Mutum ma in kansa ya yi zafi ba ya jin magana. Sanyaya ta za a yi."

Ya ɗauki kwalin mangwaro sabo, ya zuba koren farantin da fanka da abin mai kama da sabulu a ciki, ya rufe don kada raɓa ta shiga, ya kai ɗakin sanyi da kansa ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce minti ashirin ya isa.

Da ya fito, tsakar gida ta cika. Manoman da mangwaronsu ke cikin kwalayen sun ji labari, sun zo a kan babura da taraktoci. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya tashi. Wani dattijo mai rawani ya tare shi.

"Kai ne ƙanin matar manaja?"

"Ni ne injiniyan da aka ɗauko, Baba."

"Shekara guda nake ba bishiyoyin nan ruwa. In mangwarona ya nuna a nan tsakar gidan, a gidanku zan juye shi, ku shanye kai da yayarka."

"Baba, kwantar da hankalinka. Ka je ka sha lassi, nonon nan mai sanyi, ka ce a rubuta sunana."

"Mai lassin ya ce ko da sunanka ya ji zai rufe shago," wani ya faɗa daga baya, aka yi dariya.

A wannan lokacin Inna Bashiran ta ja gefe da tsohuwar wayarta mai maɓallai. Gazanfar ya ji tana cewa wai surukarta tana da ƙanwa a Bahawalpur, ƙanwar kuma maƙwabciyarta ce ke dafa shinkafar bikin. Ya taɓe baki. Aikin ilimi ana maganar masu dafa shinkafa.

Minti ashirin suka cika, ya koma ɗakin sanyi ɗauko ƙwaƙwalwa. Bakin ƙofa wayam. Masu dako, da suka gaji da zaman banza, sun gyara jeri, sun ɗaga duk kwalin da ke ƙasa sun haɗa da 'yan'uwansa. Kwali dubu da ɗari takwas da ɗaya, duk iri ɗaya, duk ba takarda, daga ƙasa har rufi.

"Ina kwalina?"

"Wanne, Injiniya?"

"Wanda na ajiye nan! Mai hoton mangwaro a jiki!"

Shugaban masu dakon ya dubi jerin daga wannan bango zuwa wancan, ya dubi Gazanfar. "Zaɓi wanda ya yi maka."

Gazanfar ya buɗe uku, mangwaro. Ya girgiza biyar, mangwaro. Haƙoransa suka fara kaɗawa don sanyi. Ya fito yana goge hanci, ya tarar da Caudri yana jiransa.

"Ina ƙwaƙwalwar?"

"Tana hutawa, Yaya. Ba a tashin ta da gaggawa. Amma na gano babban sirrin. Allon nan yana satar wuta ta cikin bango. Muddin akwai wuta a gidan nan ba zai saduda ba. Sai an kashe gidan gaba ɗaya, na minti ɗaya tak."

"Ɗakin sanyi fa?"

"Minti ɗaya, Yaya. Mangwaro ba jariri ba ne."

Kafin Caudri ya buɗe baki, Gazanfar ya isa ga babban makunnin da ke jikin bangon waje, ya kama shi da hannu biyu ya ja ƙasa. Fankoki suka tsaya. Bel ɗin da ke fitar da mangwaro daga ruwan ɗumi ya tsaya, da mangwaro a ciki. Injin ɗakin sanyi ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Gazanfar ya ruga ofis, jama'a na biye da shi.

A cikin duhun ofis abu ɗaya ne ke haske. Allon ne, yana neman kalmar sirri. Daga wani wuri kuma wani abu ya fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit.

Matar da ta yi a'uziyya ɗazu ta yar da mayafinta ta yi waje. Biyu suka bi ta.

"Injiniya," in ji Gul Zaman daga taga, "yanzu kuma wace kazar ce?"

"Kuka take yi. Ba ka ji ba? Ta kusa."

"Mayar da wutar!" Caudri ya daka masa tsawa. Tunda aka yi auren yayarsa Gazanfar bai taɓa jin wannan muryar ba.

Ya koma ya tura makunnin sama. Duk injinan gidan suka nemi tashi lokaci guda. Aka ji fat, wani shuɗin haske ya fito, warin ƙonanniyar roba ya tashi, komai ya sake mutuwa. Gashin gaban kan Gazanfar ya ɗan babbake.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Mata na kwashe mangwaro daga ruwan ɗumi da kwando da hannu kafin ya dahu. Manoma na ihu kowa na kiran sunan gonarsa. Caudri na gudu tsakanin ɗakin sanyi da janareta yana cewa kada wanda ya buɗe ƙofa. Janareta ya ƙi tashi, sai da Gul Zaman ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashinsa, ya zagi kakan wanda ya ƙera shi, sannan ya tashi. Gazanfar na tsaye a kansa yana ba da umarni.

"Ja wancan. A'a, wancan. Yawwa, abin da nake shirin faɗa ke nan."

Gul Zaman ya fito da baƙin mai har gemu, ya nuna shi da sifana. "Ka ƙara kalma ɗaya, in ɗaure ka a bayan mota har Karaci, in ce musu sabon irin mangwaro ne."

Ana cikin haka jami'in duba kayan fitarwa ya iso, wani siririn mutum mai farar riga da jakar takardu, wanda sai ya buga hatimi mota ke fita. Ya dubi hayaƙin janareta, ya dubi matan da ke fifita mangwaro da mayafi, ya duba agogonsa. Ya ce shi ƙarfe uku zai wuce wani gidan, da takarda ko babu. A halin yanzu zai fara duba kaya. A fito masa da kwali goma, daga inda ya nuna.

Aka shimfiɗa teburi a inuwa, manoma suka kewaye. Kwali na farko lafiya. Na biyu lafiya. Gazanfar ya matso kusa da jami'in ya miƙa masa katinsa mai ruwan zinariya, ya ce in ofishinsu na da matsalar na'ura kada su ji nauyi.

Ana kan kwali na shida sai ga keke mai ƙafa uku ya shigo da gudu. Shagufta ta sauko da kayan biki, ja da zinariya, lalle har gwiwar hannu, awarwaro na ƙara. Saƙon Inna Bashiran ya bi ta tukunyar shinkafa ya same ta a tsakiyar masu kiɗa. Ta gaida Caudri, ta gaida manoma, ta wuce ofis. Jama'a suka bar jami'in suka bi ta. Gazanfar ya riga kowa.

"Ƙanwata, sannu da hanya. Kin zo a kan gaɓa. Na riga na yi kashi casa'in na aikin, saura ɗan abin da ba ya bukatar ƙwarewa."

Shagufta ta tsaya tana kallon teburinta. Ta ɗaga murfin baƙin akwatin, ta leƙa cikinsa, ta ajiye.

"Wa ya kwance wannan?"

"Ni ne. Sabar taki akwai taurin kai, amma na nuna mata iyakarta."

"Yaya Gazanfar, wannan ba saba ba ce."

"Na'am?"

"Wannan akwatin kyamarorin tsaro ne. Shi ke ɗaukar hoton ƙofa da tsakar gida."

Ta zaro makulli daga jakarta, ta sauke kofin shayin daga kan dogon kabad ɗin ƙarfen ta miƙa masa, ta buɗe ƙofar kabad ɗin. Ga sabar a ciki, fitilunta kore shar, tana gurnaninta cikin kwanciyar hankali, a ƙarƙashinta kuma babban batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Ko ƙura Gazanfar bai taɓa mata ba.

Dariyar ta fara daga bakin ƙofa, ta bi ta taga, ta fita tsakar gida, har waɗanda ba su ga abin da ya faru ba suka kama. Inna Bashiran ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

"Tun safe," in ji ta, "tun safe yake yi wa maƙwabci tiyata, mara lafiya na kwance a bayansa yana ɗumama masa shayi!"

"Na sani," in ji Gazanfar. "Ai na sani. Dabara ce. Sai ka fara da na kusa da ita, ta gani, ta..."

Bai ƙarasa ba, aka ji muryar jami'in daga waje. "Manaja! Zo ka faɗa mini, wannan wace gona ce?"

Suka fita. Kwali na tara ne a buɗe. Jami'in na riƙe da koren faranti a hannu ɗaya, fanka a ɗaya, raɓa na ɗiga daga jikinsu.

Dattijon nan mai rawani ya leƙa kwalin, ya girgiza kai. "Ba tawa ba ce, ranka ya daɗe. Ni bishiyoyina ba su fara haifar wannan ba."

Har jami'in sai da ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Shagufta ba ta tsaya dariya ba. A jikin makullanta akwai ɗan filashi da ta tanada tun ranar da aka kafa sabar, don irin wannan rana. Ta soka shi, ta sake tada na'urar ta kansa, ta bi matakai uku ko huɗu tana taka tsantsan kada lallenta ya ɓata madannai, na'urar ta ba ta damar sa sabuwar kalmar sirri. Gazanfar ya miƙo wuya.

"Yaya Gazanfar, juya ka kalli bango."

"Ni fa abokin aiki ne."

"Bango."

Gul Zaman ya kama kafaɗunsa ya juya shi kamar buhu. Yana kallon bango ya ji injin buga takardu ya yi atishawa, ya fara zubo takardu ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi guɗa. Duk wanda ke da hannu ya kama manne, manoma da masu dako har da Caudri. Ƙarfe uku saura minti biyar jami'in ya buga hatimi. Kwando shida ne kawai suka yi laushi a ruwan ɗumi, aka yanka aka raba wa jama'a a nan tsakar gida. Gul Zaman ya hau motarsa, ya danna ham mai waƙa, ya fita da mangwaro a baki.

Shagufta ta sa Caudri ya maimaita sabuwar kalmar a kunnenta sau bakwai, ta sake rubuta ta, wannan karon ta sa da hannunta a akwatin ƙarfe na ofis. Sannan ta tattara kayan akwatin kyamarorin, ta ce sanyi da raɓa sun gama da su, sai an aiko da wani daga Multan, mako biyu ko uku.

"Mako uku ba kyamara a ƙofa, a tsakiyar kakar mangwaro?" in ji Caudri. Ya juya a hankali. Gazanfar na laɓaɓawa wajen babur ɗinsa da yankan mangwaro biyu a hannu.

"Injiniya."

"Na'am, Yaya? Ba sai ka gode mini ba, ai gida ne."

"Kai ka tsone wa gidan nan ido. To kai ne idonsa har sabon akwati ya zo. Daga buɗe ƙofa zuwa rufewa. Duk motar da ta shiga ka rubuta, duk wadda ta fita ka rubuta."

"A ofis?"

"A bakin ƙofa."

"Yaya, akwai rana a bakin ƙofa."

"Kyamarar ma a rana take, ba ta taɓa kawo ƙara ba."

Washegari da safe masu wucewa ta hanyar gidan mangwaro suka ga Gazanfar a kan kujerar roba, da baƙin tabarau, da littafi a cinya, da tsohuwar laima ɗaure a jikin ƙyaure. Wani abokin shayinsa ya tsaya da babur.

"Injiniya, me ya zaunar da kai a nan?"

Gazanfar ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Ƙarin girma ne. Sun gwada na'ura shekara huɗu, sun ga ba ta kai ni ba." Ya lashi bakin biro, ya buɗe littafin. "Matsa baya kaɗan, in ga lambar babur ɗinka."